Ba Ungulu Ce Ta Kashe Dokin Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To, madalla.

An ce in yi magana a kan yadda masu karatu ke karɓar littafi, sai na ɗauko guda ɗaya, ɗan ƙarami, wanda mutum zai iya gamawa tsakanin la'asar da isha'i. Sunansa The Red Pony, wato Jan Ƙuru. Yaran birni, ƙuru shi ne gajeren dokin nan da ba ya kai tsawon ingarma. John Steinbeck ne ya rubuta shi, mutumin garin Salinas a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka haifa a 1902, ya karɓi kyautar Nobel a 1962, ya rasu a 1968. Labarai huɗu ne a ciki. Biyun farko sun fito a mujalla a 1933, aka haɗa uku aka buga littafi a 1937, na huɗun ya shigo a bugun 1945. Lokacin da ya fara rubutun yana gida yana jinyar mahaifiyarsa, wadda shanyewar jiki ta kwantar, ta kuma rasu a 1934. Ku riƙe wannan, mutum ne da ke kallon mutuwa a ɗakin da yake rubutu.

Yaro ne ɗan shekara 10, sunansa Jody, a wata gonar kiwo cikin kwarin Salinas. Ubansa Carl mutum ne mai tsauri, maganarsa ɗaya. Akwai kuma Billy Buck, ma'aikacin gonar, wanda duk yankin an sallama masa a sanin doki. Wata safiya aka kai yaron barga aka nuna masa jan ƙuru aka ce nasa ne. Ya sa masa suna Gabilan, sunan duwatsun da ke gabas da su. Yaron da sai uwarsa ta kaɗa ƙarfen kiran karin kumallo yake tashi, ya koma tashi da duhu yana goge doki, yana koya masa ragama da sirdi, yana ƙirga kwanakin da suka rage a ba shi izinin hawa, a ƙarshen Nuwamba.

Bai taɓa hawa ba.

Ran nan gari ya waye garau bayan an sha ruwan sama, Jody ya ce zai bar dokin a waje ya sha hantsi kafin ya dawo daga makaranta. Ya tambayi Billy, Billy ya ce yau ba ruwa, in ma ya zo shi zai shigar da shi. Ruwa ya sauko bayan rana ta raba, Billy yana can gonar maƙwabta ya fake. Doki ya wuni cikin ruwan sanyi. Ciwo ya kama shi, ƙasan muƙamuƙi ya kumbura, Billy ya tsaga ya matse mugunya. Numfashi ya toshe, ya huda maƙogwaro da wuƙa, yaron na riƙe, yana kallo. Da dare iska ta buɗe ƙofar barga, dokin ya fice. Da safe Jody ya bi sawu, ya hango ungulaye na shawagi, ya isa ya tarar ɗaya ta riga ta sa baki a idon dokin. Ya cafke ta, ya yi ta dukanta da dutse har bayan ta mutu bai daina ba.

Duk wannan a labari na farko ne. Dokin da aka sa wa littafi sunansa bai kai rabin littafin ba.

To a nan masu karatu suke rabuwa. A Amurka an daɗe ana ba yaran makaranta littafin nan, saboda gajere ne, Turancinsa mai sauƙi, ga hoton doki a bango. Ku shiga wuraren da mutane ke rubuta ra'ayinsu kan littattafai a intanet, za ku ga magidanta da furfura suna cewa har yau ba su yafe wa malamin da ya sa su karanta shi ba. Wani ya ce yaudara ce, an nuna masa doki an ba shi gawa. Wata ta ce babu abin da ya haɗa labaran huɗu, kuma littafin bai ƙare ba, tsayawa kawai ya yi. Akwai masu ƙin yaron kansa, domin a farkon labari na biyu ya ɗana wa karensu tarkon ɓera ya kama masa hanci, ya harbe tsuntsu da danƙo ya yayyanka shi. A wasu wurare iyaye sun nemi a cire shi daga makaranta saboda jini da ashar ɗin da ke ciki. Sannan ga waɗanda suka ƙi shi suna yara, suka sake buɗe shi bayan sun binne iyaye ko sun haifi nasu, suka ce ashe ba littafin da suka karanta da ba ne.

Na daɗe ina ganin rukunin ƙarshen nan su ne suka fahimta, sauran kuwa suna bukatar a yi musu bayani. Yanzu ba na ganin haka, kuma littafin ne da kansa ya gyara mini zama.

Ku koma wurin gawar dokin. Manya biyu suka iso suka tarar da yaron jina-jina. Carl ya zaro hankici ya goge masa fuska, ya tambaye shi ko bai san ba ungulu ce ta kashe dokin ba. Maganarsa gaskiya ce, babu ko tantama. Amma Billy, wanda ya riga ya ɗauki yaron zai kai shi gida, ya juyo a fusace ya daka wa maigidansa tsawa, ya ce ai ya sani, kai ba ka ganin halin da yake ciki? Ma'aikaci ne fa yake faɗa wa mai biyansa albashi haka. A kan wannan labarin ya tsaya.

Ni na taɓa zama Carl. Shekarun baya na karanta littafin nan da wasu ɗalibai, muna haɗuwa ranar Asabar a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Mako na biyu wata yarinya ta zo ta ajiye nata a kan benci, ta lanƙwasa shafin da ta tsaya, ta ce ita ta gama. Na shiga yi mata bayani, cewa marubucin yana nuna yadda yaro ke fara sanin mutuwa, cewa ungulu tana aikin da aka halicce ta dominsa ne. Ta bari na kai aya, tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, “Malam, duk na gane wannan. Zuciyata ce ba ta ɗauka ba.” A hanyar komawa gida na ga abin da na yi. Ta san ba marubucin ne ya ƙirƙiro mutuwa ba, kamar yadda Jody ya san ba ungulu ce ta kashe Gabilan ba. Amma mutuwa ba ta da wuyan da za a shaƙe, ruwan sama ba shi da kan da za a fasa. Abin da hannu ya kai gare shi ake duka. Mai karatun da ya yi jifa da littafin nan, littafin ne ungulunsa, kuma fushinsa shaida ce cewa ya so dokin yadda yaron ya so shi.

Wani zai ce ai yaranmu sun saba, suna kiwon rago wata da watanni, su ba shi dusa da hannunsu, ranar layya a yanka. Haka ne, amma da bambanci. Rago an san ranarsa tun ranar da aka sayo shi, akwai dalili, akwai addu'a, akwai rabon nama. Gabilan babu ko ɗaya. Abin da ke akwai shi ne babban mutum ya ce ba za a yi ruwa ba, aka yi. Ya ce doki zai warke, bai warke ba. Raunin da ke cikin littafin nan ke nan, ranar da yaro ya gano cewa wanda ya ɗauka ba ya kuskure yana yi.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa labaran ba su haɗu ba. Ku duba na uku. Carl ya ba yaron dama ta biyu: ya kai goɗiyarsu Nellie wurin ingarman maƙwabci, kuɗin barbara dala 5, zai biya da aikin gona, duƙushin da za a haifa nasa ne. Kusan shekara yana jira. A cikin jiran nan ya yi ta tambayar Billy, kuma Billy ya gaya masa ƙa'idar sana'a: in ɗa ya zo a karkace aka kasa juya shi, ana yayyanka shi a fitar don a ceci uwar. Yaron ya matsa masa, ba za ka bari wani abu ya sami nawa ba ko? Billy ya san abin da ake tuna masa. Daren haihuwa ya zo, ya sa hannu ya ji ɗan a juye. Ya ce wa yaron ya kau da kai. Ya ɗauki guduma ya bugi goɗiyar a goshi, ya farke cikinta da wuƙa, ya ciro baƙin duƙushi ya ajiye a gaban Jody, ya ce ga abin da ya yi alkawari.

A zamanmu na ƙarƙashin dalbejiya akwai wani saurayi da ya tashi a gidan kiwo, ba ya yawan magana. Da muka zo nan sai ya girgiza kai ya ce, “Malam, wannan ba aikin makiyayi ba ne. Uwa ake ceta, ita za ta sake haihuwa. Mutumin nan bashi yake biya.” Ban taɓa jin wanda ya faɗi zuciyar labarin a taƙaice haka ba. Billy ya karya ilimin da ya fi kowa sani don kada maganarsa ta sake faɗuwa a gaban yaro. Jody ya sami dokinsa, ya tafi ɗebo ruwa, yana so ya yi murna, fuskar Billy mai jini ta ƙi barin idonsa. Ko shi Steinbeck, da aka zo yin fim ɗin littafin a 1949, kuma shi ya rubuta labarin fim ɗin, sai aka bar goɗiyar ta haihu lafiya. 'Yan kallo ba su sha abin da masu karatu suka sha ba.

Labari na biyu, na wani tsoho mai suna Gitano, zan wuce shi da sauri saboda lokaci. Ya zo gonar su Jody don ya mutu a inda aka haife shi, Carl ya ce ba wuri, ya kwatanta shi da tsohon dokinsa da ya daina amfani. Da asuba tsohon ya hau wannan dokin, ya nufi cikin duwatsu da siririn takobin da ya gada, ba a sake ganinsu ba.

Saura ƙorafin cewa littafin bai ƙare ba. A labari na huɗu kakan Jody na wajen uwa ya zo ziyara. A ƙuruciyarsa shi ne madugu, ya jagoranci ayarin kekunan dawaki suka ratsa faɗin ƙasar har suka iske teku, tafiya ta ƙare. Tun daga nan ba shi da zance sai wannan. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon da ya yi fatauci ko ya je Makka a ƙafa ya san irin wannan hira, ana jin ta sau ɗari. Da safe Carl yana mita a kan tebur, yana cewa an gaji, abu ya wuce ya wuce, ashe tsohon yana bakin ƙofa ya ji. Carl ya nemi afuwa, abin da ba halinsa ba ne, amma magana zarar bunu ce. Jody ya shirya ranar zai yi farautar ɓeraye a tarin ciyawa, ya daɗe yana ɗokinta. Ya ajiye sandarsa ya zo ya zauna kusa da kakan. Tsohon ya gaya masa ba yaƙe-yaƙen hanya ne abin da yake son mutane su ji ba, tafiyar ce kanta, jama'a sun zama jiki guda suna nufar yamma, kuma wannan ƙishirwar ta mutu a zukatan mutane.

Yaron bai yi masa gardama ba, bai kuma ce masa ya yi haƙuri haka duniya take ba. Tambayarsa ya yi ko zai sha ruwan lemun tsami. Tsohon ya buɗe baki zai ce a'a, ya dubi fuskar jikansa, ya ce zai sha. Jody ya shiga wurin uwarsa ya roƙi lemo ɗaya. Ta ce, kai ma kana son naka ko? Ya ce a'a. Ta fara tambayarsa ko ba shi da lafiya, sai ta katse maganar, ta ce ya ɗauko lemon, ita za ta sauko masa da abin matsewa.

Shugaba yana nuna mini agogo. Yarinyar nan da na ba ku labarinta ba ta kai wannan shafin ba, ni kuma ban sake matsa mata ba. Littafin nata yana wurina har yanzu, shi ne wannan da ke hannuna, ga shafin da ta lanƙwasa. Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa abin magana.