Maganin sikila ya samu, saura yadda za a kai shi ɓargo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Boston nake muku magana, unguwar Seaport. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin ruwa ne. Kun ga ginin nan na gilashi da ke bayana? Hedikwatar kamfanin Vertex ke nan. Su da kamfanin CRISPR Therapeutics suka fitar da Casgevy, maganin sikila da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba.

Ga yadda yake aiki. Jariri tun yana ciki yana da wani irin sinadarin jini da ba ya sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar yadda suke yi a sikila. Bayan haihuwa sai wata ƙwayar halitta, BCL11A, ta kashe shi, shi ya sa ciwon ba ya fara nunawa sai yaro ya yi watanni. Casgevy yana taɓa wannan makunnin ne, jiki ya koma yin jinin jarirai.

Amma ku ji wahalar da ke ciki. Sai an tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya da na'ura, a aika da su ɗakin gwaji a gyara. Kafin a mayar masa, sai an ba shi busulfan, maganin da ke share ɓargo gaba ɗaya. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, haihuwa ma tana iya gagara daga baya. Makonni zai yi a keɓe a asibiti. Kuɗin maganin kaɗai dala miliyan 2.2. Kuma a Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Duk wanda ya taɓa kwana yana matsa wa yaro ƙafa da ruwan ɗumi ya san nisan da ke tsakaninmu da wannan ginin.

Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga masu binciken yadda za a yi gyaran a cikin jiki da allura. Suna naɗe kayan gyaran cikin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin kitse, irin waɗanda aka yi amfani da su a rigakafin korona na Pfizer da Moderna. A 2025 likitoci a Filadelfiya sun yi wa wani jariri haka, suka gyara masa cutar gado ta hanta. Matsalar ita ce ƙwayoyin kitsen nan in sun shiga jini, hanta suke nufa da kansu. Sikila kuwa a ɓargo take. Tun 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka suka yi alƙawarin dala miliyan 200 don irin wannan aikin, kan sikila da cutar ƙanjamau. Har yanzu wannan allurar ta ɓargo tana matakin bincike, kuma wallahi ita nake bibiya fiye da komai.