Kimiyyar Kwamfuta a Babbar Sakandare: Me Ake Koyo?

Hauwa'u: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga Birnin Shehu. Ina tare da Malam Bello da ƙanena Nasiru, ɗan aji biyar. Malam, iyaye da yawa sun ɗauka darasin kwamfuta koyon buga takardu ne kawai.

Malam Bello: Abin da ke damuna ke nan, Hauwa'u. Buga rubutu a mako biyu yaro zai iya. Asalin darasin shi ne tsara tunani daki-daki, yadda na'ura za ta bi ba tare da ta ɓata ba. Nasiru, ka yi karatun gado a makarantar Islamiyya?

Nasiru: Na yi, Malam.

Malam Bello: To, mutum ya rasu ya bar mata. Nawa rabonta?

Nasiru: In ya bar ɗa ko 'ya, tumuni. In bai bari ba, rubu'i.

Malam Bello: Madalla. "In kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza." Haka ake rubuta shi a Python, wato wani harshen ba kwamfuta umarni, layi huɗu, ka saka naira 800,000, kwamfuta ta ba ka 100,000 ko 200,000. Yaron da ya iya wannan lissafin a zaure ya riga ya kama hanyar.

Nasiru: Amma Malam, a ajinmu a allo ake zana mana madannai. Ɗakin kwamfuta a kulle yake, wai babu wuta.

Hauwa'u: Wannan kam abin takaici ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma sai ka ga yarinya ranar jarrabawa ce farkon taɓa linzamin kwamfuta, hannu na rawa. Ga rana a Sakkwato kamar me, sola kaɗai ta isa ta buɗe ɗakin nan.

Malam Bello: Gaskiya ne. Kafin a buɗe, Nasiru, akwai manhajojin Python da ke aiki a wayar Android. Ari ta yayarka da daddare, ka rubuta lissafin gadon nan da kanka. Kuma kada ka saki lissafi da fiziks, in kana son karanta fannin a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Nasiru: Yaya, kin dai ji da kunnenki.

Hauwa'u: Na ji. Bayan sallar isha'i wayar taka ce, amma mako mai zuwa za ka nuna wa Malam abin da ka rubuta.