Indossare: yadda ake cewa an sa kaya a Italiyanci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Asabar, ina kasuwar Piazzola a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, ga rumfunan 'yan gwanjo nan a bayana. Sanyi ya shigo, kowa rigar sanyi yake nema, to bari mu taɓa kalmar indossare, wato sa kaya a jiki.

Sarrafa ta babu wuya: io indosso, tu indossi, lui indossa, noi indossiamo, voi indossate, loro indossano, wato ni, kai, shi, mu, ku, su. Ku danna s ɗin nan sosai, kamar yadda muke yi a "sassafe". In abin ya riga ya wuce, sai ka haɗa da avere, kalmar taimako mai ma'anar mallaka, ka ce ho indossato, na sa.

Ga inda nake so 'yan'uwa sababbin zuwa su buɗe kunne. Indossare ba ta tafiya ita kaɗai, dole ka ambaci abin da aka sa: indosso una giacca, ina sanye da jaket. Kuma ba a cewa mi indosso la giacca, ko kusa. Wannan mi ɗin na wata kalma ce, mettersi, kuma ita ce za ka fi ji a bakin mutane. Uwa za ta ce wa ɗanta mettiti la giacca, sa jaket ɗinka. Ita kuma in abin ya wuce, da essere take tafiya, kalmar taimako mai ma'anar kasancewa: mi sono messo ga namiji, mi sono messa ga mace, wato na sa.

Indossare ta fi zama a rubuce, a jarida da allunan gargaɗi. Wanda yake ƙasar nan a 2020 ya haddace è obbligatorio indossare la mascherina, wajibi ne a sa takunkumi. Masu aikin gini da masana'anta, don Allah ku riƙe wannan da kyau: in ka ga indossare il casco, hular kwano ake nufi, kuma doka ce, don kare kanka aka yi ta.

Abin da kullum yana jikinka kuwa, kamar tabarau, portare ake cewa: porto gli occhiali. Ita ce ma mai takalman can zai tambaye ni da ita, che numero porta, wato lamba nawa nake sawa. Ku biyo ni mu je mu ji farashi.