Rumbun Great Coxwell: Gandun Sufaye Da Ya Haura Shekara 700

Akwai wani gini da za ku gani kamar coci, amma rumbu ne. Yana ƙauyen Great Coxwell a Ingila, tsawonsa mita 46, faɗinsa mita 13. Da masana suka yi nazarin zobban da itace ke yi kowace shekara a jikin katakonsa, sai suka gano an sare itatuwan wajen 1292.

Masu shi sufayen Kirista ne na Beaulieu, gidan zuhudun da Sarki John ya kafa a farkon ƙarni na 13, ya kuma ba su wannan ƙasa. Gidan yana can kudu da nisa, don haka suka buɗe gandu a nan, suka sa wakili yana lissafin duk damin da ya shiga.

Rumbun yana da ƙofofi biyu da ke fuskantar juna. A tsakaninsu ake sussuka. In an buɗe su duka, iska ta ratsa, sai a yi sheƙa, ƙaiƙayi ya tashi, tsaba ta zauna.

Yanzu sai batun gindin ginshiƙan. Babu katako ko ɗaya da ya taɓa ƙasa. Kowanne an ɗora shi a kan dakalin dutse mai tsayin kusan mita 2, don kada danshi ya hau shi. A ganinmu, wannan dabarar ce ta raya rumbun, har bayan da Sarki Henry na 8 ya rufe Beaulieu a 1538.

Ruwa ne babban abokin gaba har gobe. Rufin na fale-falen dutse ne, an rataye kowanne da turke. Turke ɗaya ya ruɓe, dutse ya zame, yoyo ya fara, katako ya jiƙe, ƙwari su samu wurin ci. Bangon kuwa da kwaɓin farar ƙasa ake gyara shi. Siminti yakan kulle danshi a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutsen ya tsage.

Tun 1956 rumbun yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila. Wata dokar Birtaniya ta 1979 kuma ta haramta taɓa wurin tarihi mai rajista ba da izinin gwamnati ba. Inda aka fi yin asara shi ne sauran gandayen sufaye da gininsu ya rushe, saura tudun harsashi da ramin tafkin kifi a cikin gonakin mutane. In ba su shiga rajista ba, garmar tarakta mai zurfi tana iya baje su cikin ƴan shekaru.