Wa Ya Cancanci Inshorar Lafiya Ta Gwamnati? Laccar Da Aka Gabatar Wa Kwamitocin Mazaɓu A Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamai, iyaye mata da ke can baya, kuna jina? To, madalla. Abubuwa huɗu na zo da su: dokar kanta, yadda ake tantance mai ƙaramin ƙarfi, maganar tsofaffi, sai ta masu buƙata ta musamman.

Dokar dai a taƙaice. A shekarar 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikatan asibiti ke kira BHCPF. Ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a ciki. An yi doka a 2014, amma sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara fitowa. Kusan rabin asusun yana bi ta hukumar inshora domin a biya wa marasa galihu, kashi 45 kuma yana tafiya wajen magani, gyaran asibitocin mazaɓu da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sannan a watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta zama NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma ambaci rukunin da gwamnati za ta ɗauke wa biya: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da matalauta. A nan Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ita ke yin rajistar. Kaduna na da tata, Jigawa na da tata.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Cancanta a doka daban, shigar suna a rajista daban. Bari in maimaita, domin rabin rigimar da ake yi a bakin tagar kati daga nan take: cancanta daban, rajista daban. Mace za ta zo da goyo, yaro ɗan wata takwas yana zazzaɓi, ta ce ai an faɗa a rediyo kyauta ne. Gaskiya ta ji. Amma mai ba da kati zai duba jerin sunayen da aka aiko masa, in babu sunan yaron, babu inda zai karɓi kuɗin maganin. Ana biyan asibitin ne da kai, wato kowane wata a turo masa wani adadi a kan kowane mutum da ke jerinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Wanda ba ya jerin, ba a turo komai a kansa ba. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wa ke rubuta jerin, kuma da wane ma'auni?

Ma'aikacin gwamnati ana duba albashinsa. Mai tura baro a Sabon Gari fa? Mai dakau fa? Ba su da takardar albashi, ba su da asusun banki da za a leƙa. Don haka rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda NASSCO, ofishin tarayya mai tsara shirye-shiryen tallafa wa talakawa, ke riƙe da ita tare da ofisoshinsa na jihohi, tana bin matakai uku. Da fari a zaɓi yanki, a fara da ƙananan hukumomi da garuruwan da talauci ya fi katutu. Sannan a je garin a tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban, a ce ku faɗa mana da bakinku, wane ne talaka a garin nan? Wani gari su ce wanda ba ya ɗora tukunya sau biyu a yini, wani su ce wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin damina ta sauka. Kowane rukuni ya kawo sunaye, a haɗa, a karanta a bainar jama'a. Daga nan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da na'ura suna tambaya: rufin ɗaki na kwano ne ko na azara? Daɓen siminti ko turɓaya? Ina kuke ɗebo ruwa, wane irin bayan gida, da me ake girki, akwai babur, mutum nawa ke ci a tukunyar nan, maigida ya yi karatu? Kwamfuta ta haɗa amsoshin ta ba gidan maki.

Tsari ne mai kyau a takarda, kuma ya fi a bar wa mutum ɗaya alƙalami. Amma ku duba inda yake yoyo, domin ku ne za ku toshe.

Akwai mai rufin asiri. Dattijo ne, rigarsa ɗaya amma kullum a wanke a goge, yana sahun farko a masallaci, ya gwammace ya kwana da yunwa da a karanta sunansa a dandali a ce matalauci. Maƙwabtansa sun sani, kuma saboda girmansa ba wanda zai ambace shi. Sai ka ga wanda ya fi kowa buƙata shi ne babu a jerin. Wannan aikin mai unguwa ne da liman, a je masa gida bayan isha, a nuna masa haƙƙinsa ne daga dukiyar ƙasa, ba bara ba ce.

Akwai maganar tukunya. Ma'anar gida a wajen masu ƙidaya ita ce mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. A gidan gandu za ka tarar da ƙofa ɗaya, zaure ɗaya, tukwane biyar. Babban wa yana da shago da babur, a can ƙurya kuma ga ƙanwarsu da miji ya rasu ta dawo da marayu huɗu, tana girkinta ita kaɗai ranar da ta samu. In mai ɗaukar bayani ya tsaya a zaure ya tambayi babban wa, babur ɗin nan ya shafe ta, an rubuta ta cikin masu hali. Dole a shiga ciki, kuma wadda za ta shiga mace ce. Hajiya, ke da kika ɗaga kai, ai kin san irin gidan da nake nufi. In tawagar ta zo babu mace a cikinta, ku ce a dakata a nemo.

Wani lokacin ma mu ke cutar kanmu. An ji baƙi za su zo daga birni, sai a share tsakar gida, a aro kujeru da fanka daga maƙwabta don kada a ji kunya. (Dariya.) Wallahi karamci ne, amma na'urar ba ta san aro ba, fanka ta gani. Wani kuma ya ɓoye awakinsa a gidan surukai. Duka biyun ɓata jerin suke yi.

Sannan rajista tana tsufa. Wanda aka rubuta yana da hali shekara uku da suka wuce, bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, jari ya tafi a magani. Wanda aka rubuta matalauci ya rasu ko ya tashi, asibiti na ta karɓar kuɗi a kansa. Kuma gurbin ƙidayayye ne. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, in aka raba abin da ya zo, abin da ke isa kowace mazaɓa bai kai yawan mabuƙatanta ba. Duk sunan mamaci da ya zauna a jerin, mai rai ne aka hana. Ku riƙe littafi, wanda ya rasu, wanda ya tashi, wanda aka haifa, ku riƙa kai wa jami'in hukumar. Almajirai ma, da yake ba sa cikin tukunyar kowa, in malaminsu bai kai sunayensu ba haka za a tsallake su.

Na ce na nawa ne wannan? Na uku ko? To, lokaci ya ja, bari in haɗa tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Matsalar tsoho ba shekarun ba ne, shaidar shekarun ce. Ana neman lambar NIN wajen rajista, kuma abin da ke kan katin shi za a bi. Baba an haife shi kafin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, amma ranar yin kati wani yaro ya dube shi ya rubuta abin da ya ga dama, ya rage masa shekara goma. Ku duba katunan iyayenku tun yanzu, in akwai kuskure a yi takardar rantsuwar shekaru a kotu a nemi gyara. Ga kuma zanen yatsa, wanda fartanya da wanki suka cinye, sai an yi ta gwadawa. 'Yan'uwanmu da ke zangon Kumasi da Nima sun fi mu sauƙi a nan, domin a Ghana, tun da suka kafa tsarinsu a 2003, layin a bayyane yake: ɗan ƙasa da 18 da wanda ya kai 70 ba ya biyan kuɗin shekara, kuma ana sabunta kati ta waya. A Nijar kuwa an mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, sai dai jinkirin biyan asibitoci ya sa kantar magani ta riƙa zama wayam.

Masu buƙata ta musamman suna da dokarsu ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana nuna musu bambanci a asibiti, kuma akwai hukuma ta ƙasa da ke ba da takardar shaidar naƙasa. Wanda ake mantawa shi ne wanda naƙasarsa ba ta fito fili ba, kurma, mai taɓin hankali da aka kulle a ɗaki. Ranar rajista ba zai zo layi ba. Ku nemi a bi su gida, ku tafi da sarkin makafi da na guragu, sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya.

Abu na ƙarshe, ko na biyar ne, katin na asibitin mazaɓar da aka ɗaura ka ne. Awo, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, awon hawan jini da suga, nan za a fara. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta takardar tura ka babban asibiti a nemi lambar izini daga hukuma. In ka tsallake ka tafi kai tsaye, in ba gaggawa ba ce, aljihunka zai biya. Na'am, Malam, ga makirfo.

Mai tambaya: Allah gafarta malam, ni masinja ne a ma'aikatar tarayya, ana cire mini kuɗin inshora. Matana biyu, 'ya'ya tara. An ce mace ɗaya kawai za a ɗauka. Wannan adalci ne?

Malam, Allah ya raya zuri'a. Abin da aka faɗa maka haka yake a tsarin ma'aikatan tarayya: kai, da mace ɗaya, da 'ya'yan cikinka huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. An zana shi ne da ƙaramin iyali a zuciya, kuma a ganina bai dace da gidajenmu ba, ya kamata wakilanmu su tayar da maganar. Amma kafin nan ga abin yi. Ana iya ƙara mutum a biya masa daban, ka tambayi ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka nawa ne a shekara. Wajen zaɓar huɗun nan, kada ka bi girma, ka bi buƙata: in akwai mai sikila ko mai asma, shi ne farko. Wanda ya cika 18 a cire shi a nemi sa ƙaninsa, mutane da yawa suna barin gurbin a banza. Matar da ba ta ciki, in ta samu juna biyu, da yaran da ba su kai 5 ba, ka kai sunansu asibitin mazaɓarku, suna cikin rukunin da doka ta ambata, sai dai ka sani albashinka na iya sa a fifita wanda ba shi da komai, kuma in an yi haka ba zalunci ba ne. Sannan ka zaunar da su biyun ka yi musu bayani kafin ka cike fom, kada wata ta tsinci labarin a bakin tagar kati. An kira la'asar ko? To, mai tambaya ta biyu, Hajiya, ki riƙe ta, in an idar da salla, da ke za mu fara.