Kalmar Formative: Tun Yumɓu Yana Ɗanye

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Ku dubi hannun mai ginin tukwane. Yumɓu yana jiƙe, duk inda ta danna da yatsa nan zai lotsa, ya kuma zauna a haka. Ranar da ta gasa tukunyar, zance ya ƙare: ko a yi aiki da ita yadda take, ko a fasa. Kalmar Turancin da muka ɗauko yau tana magana ne a kan wannan ɗan lokaci, kafin tukunya ta shiga wuta. Kalmar ita ce formative. Wajen furta ta, gaɓar farko ake ƙarfafawa: FO-ma-tiv.

Ma'anarta, abin da ke sa wani abu ya ɗauki siffarsa yayin da yake tasowa, ko mutum ne, ko ƙasa, ko tunani.

Tushenta Latin ne. A can forma na nufin siffa, formare kuma ba wa abu siffa. Ta bi ta Faransanci a matsayin formatif, ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 15. Ɗafa-ƙeyar nan ta "ive" tana nuna mai aikatawa, irin wadda ke jikin active da creative. Ai mun daɗe da sanin danginta ma. Fom ɗin da muke cikewa a banki daga gidan nan ya fito. Haka yunifom na 'yan makaranta: uni ɗaya, forma siffa, wato kowa da kowa siffa ɗaya.

Inda za ku fi cin karo da ita shi ne formative years, shekarun da halin mutum ke ginuwa, daga yarinta zuwa samartaka. Barack Obama ya zauna a Indonesiya daga 1967 zuwa 1971, tun yana ɗan shekara 6 har ya kai 10, kuma masu rubuta tarihinsa sukan lissafa shekarun nan cikin waɗanda suka gina shi. Bahaushe ya gama faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma a nan akwai abin lura, don na sha ganin an fassara kalmar da tarbiyya kai tsaye. Sun yi kusa, ba su zama ɗaya ba. Tarbiyya da niyya ake yin ta, kuma alheri ake nufi. Formative ba ruwanta da niyya, ba ta kuma ce abin daɗi ne ba. Yaron da ya rasa mahaifinsa yana aji uku, ya koma tallar ruwa don a ci abinci a gida, Bature zai ce wannan formative experience ce gare shi. Ba wanda ya shirya masa, ba wanda zai so masa haka, amma ta bar shatinta a jikin halinsa har tsufa.

Kada kuma ku haɗa ta da informative. Wannan na nufin abin da ya ƙara maka sani, kamar shirin rediyo mai amfani. Formative kuwa abin da ya canja ka ne kai kanka.

Masu binciken tarihin da ke binne a ƙasa su ma suna da Formative period, zamanin da al'ummomin Amurka ta Tsakiya suka zauna da noma suka fara gina garuruwa. Mutanen Olmec na ƙasar Meksiko, masu sassaƙa manyan kawuna na dutse, a zamanin suka yi tashe.

Yanzu mu shiga aji, don a nan kalmar ta fi taɓa zuciyata. Duk wanda ya yi karatun koyarwa ya haɗu da formative assessment, wato awon da ake yi ana cikin koyo don a gyara, da takwararta summative assessment, awon ƙarshe bayan an gama. Michael Scriven ne ya raba su da waɗannan sunaye a 1967, yana magana kan yadda ake auna ingancin manhajar karatu. Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka kawo zancen kan ɗalibi kansa, suka fitar da littafi a kai a 1971. A 1998 kuma Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan suka bi bincike kimanin 250, suka gano cewa awon formative, in an yi shi da kyau, yana ɗaga karatun yara sosai, musamman waɗanda aka bari a baya.

Wani masani, Robert Stake, ya kwatanta su da miya. In mai girki ta ɗanɗana, formative ke nan, don tana iya ƙara gishiri. In baƙi suka ɗanɗana, summative ke nan, an riga an zuba a kwano. Jarrabawar WAEC ta baƙi ce.

Abin da ke damuna, gwajin tsakiyar zango da ya kamata ya zama ɗanɗanon mai girki, sau da yawa maki kawai ake tarawa da shi. A rubuta 4 cikin 10 da jan biro, a shigar a rajista, a wuce darasi na gaba. Yaro ya san ya faɗi, bai san a ina ya kauce ba.

Ga yadda ya kamata abin ya kasance. Malama ta rubuta a allo: 1/2 a tara da 1/3. Ta ce kowa ya rubuta amsa a takarda ya ɗaga sama. Sai ta ga fiye da rabin ajin sun rubuta 2/5. Ba ta ba kowa maki ba. Ta gane nan take cewa na sama suke haɗawa da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai ta ajiye darasin da ta shiryo, ta zana burodi a allo, ta yanka shi gida shida. Rabi yanka uku ne, sulusi yanka biyu. Ta juyo ta ce, "To, yanka nawa ke nan?" Daga bayan aji wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malama, biyar cikin shida."