Agafantus da Sauran Shuke-shuken da Suke Ƙin Yin Fure

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke nan gaba, 'yan'uwa masu lambu da masu sayar da fulawa a bakin titi, barkanmu da yamma. Na baya, in ba ku ji na ku ɗaga hannu.

Tukunyar nan da aka ajiye a kan tebur daga gidana na ɗauko ta. Ku duba ganyen, shar da shi, dogo kamar na albasa amma ya fi faɗi. Shekara uku tana hannuna kafin ta ba ni fure ko ɗaya, kuma laifin nawa ne, zan faɗa muku yadda aka yi. Sunan shukar agafantus.

Turawa suna yi mata laƙabi da furen kogin Nilu, alhali babu abin da ya haɗa ta da Nilu. 'Yar kudancin Afirka ce: Afirka ta Kudu, Lesoto, Eswatini da wani yanki na Mozambik. Daga can jiragen ruwa suka kai ta Turai tun ƙarni na 17, sannan a 1788 wani masanin tsirrai Bafaranshe ya raɗa mata wannan suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya ƙauna, ɗaya fure. Idan ta ga dama takan fitar da kara guda miƙaƙƙe, wani ya kai mita ɗaya, a kansa dunƙulen ƙananan furanni shuɗɗa ko farare a zagaye kamar ƙwallo. A can gida tana fure wajajen Disamba da Janairu, lokacin zafinsu ke nan. A Ingila kuwa sai Yuli da Agusta.

Na kawo tarihin nan ne da dalili. Duk shukar da ta ƙi yin fure, tambayar da nake fara yi ita ce: 'yar ina ce? Agafantus iri biyu ce a dunƙule. Akwai wadda ganyenta ba ya bushewa duk shekara, irin ta yankunan da ke kusa da teku, ita ce ta fi yawa a gidaje. Akwai kuma ta tuddai da tsaunukan Darakensbag na can kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin zafi, sanyi kuma ya zo da rani. Wannan takan zubar da ganye ta kwanta, har ka ɗauka ta mutu. Dukansu sun saba da rana mai ƙarfi, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, da 'yan watanni na sanyin dare. Shi ya sa a Nairobi da Addis Ababa za ka gan ta jere a bakin hanya ba mai kula da ita. Mu nan Jos da muke sama da mita dubu daga teku, muna da rabonmu na wannan sanyi, musamman daren hunturu.

To, kuskurena. Da na samo ta, sai na ɗauke ta kamar amarya. Na ajiye ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro don kada rana ta taɓa ta, ina ba ta ruwa safe da yamma, duk bayan sati biyu in barbaɗa mata yuriya da ta rage daga gonar masara. Ganye kam, ma sha Allah, har maƙwabta suna tambaya. Fure babu.

Mu tsaya a kan takin nan, don nan ne mafi yawanmu muke faɗawa. Yuriya kusan rabinta naitirojin ne, kashi 46 cikin ɗari, kuma aikin naitirojin gina ganye da kara. Masara tana so, alayyafo yana so. Amma shukar da kake jiran furenta, in ka cika ta da shi, ka gaya mata ke nan ta ci gaba da yin ganye, babu gaggawar haihuwa. Abin da fure ya fi buƙata shi ne fotash. Ku duba buhun kamfa, lambobi uku ne a jiki, kamar 15-15-15. Na farko naitirojin, na tsakiya fosfaras, na ƙarshe fotash. Don fure, nemi wanda lambarsa ta ƙarshe ta fi ta farko, irin wanda masu tumatir ke nema. In babu, tokar murhu tana da fotash. Ɗan barbaɗe kaɗan a gefen tukunya ya isa, ban ce a juye mata kwano ba, don toka da yawa tana ɓata ƙasa. Kashin kaji ɗanye kuma a bar shi ya ruɓe tukuna, yana ƙona saiwa.

Sai rana. Awa shida a yini, ko fiye. Wadda ke inuwa za ka ga ganyenta ya yi tsawo ya langaɓe. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, ɗauke tukunya kawai za ka yi.

Abin da na fi so ku tafi da shi gida shi ne maganar lokaci. Furen da za ka gani bana, tun watannin baya aka ƙulla shi a cikin gindin shukar, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Bayan ta gama fure, a nan take tara abinci a saiwoyinta masu kauri, farare kamar 'yan yatsu, tana shirya tohon baɗi. Mu kuwa daidai wannan lokacin muke juya mata baya. Fure ya bushe, kwalliya ta ƙare, sai a tura tukunya bayan ɗaki, ba ruwa ba taki. Wani ma ya sa almakashi ya aske ganyen wai don tsabta, alhali ganyen ne ke dafa mata abincin. Baɗi ta zo, ya zo yana tambayata wane magani zai fesa. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam. Idan fure ya gama, yanke karan daga gindi don kada ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri, ka bar ganye, ka ci gaba da ban ruwa da ɗan fotash na wata biyu ko uku. Idan sanyi ya shigo sai ka rage ruwan, ka bar ta ta huta.

Akwai wata magana da ke yawo, wai agafantus ba ta fure sai saiwarta ta matsu a tukunya. Rabin gaskiya ce. In ka sa ƙaramin dashe a ƙatuwar tukunya, zai shekara yana cika ta da saiwa kafin ya tuna da fure. Amma na ga tukwanen da saiwa ta cinye ƙasar ƙaf, har ta fasa tukunyar, in ka zuba ruwa ta gefe yake zurarewa. Wannan yunwa ce da ƙishirwa, ita ma ba za ta yi fure ba. Duk bayan shekara huɗu ko biyar ka fito da ita, ka sa wuƙa mai kaifi ko adda ka raba gindin gida biyu ko uku. Kada ka yi kwaɗayin samun dashe ashirin na sayarwa, ku masu fulawa da ku nake. Manyan yanka ne ke saurin dawowa. Kuma ka sani, wadda aka raba takan yi fushin shekara guda. Ka sa safar hannu, don ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi, kuma a kiyaye yara da awaki daga cin ta. Wajen sake dasawa, haɗa ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki, tukunya ta zama mai huji a ƙasa, kada kuma a binne wuyan shukar da zurfi. Daminar Jos kun san ta, in ruwa ya kwanta a gindi saiwa ruɓewa take yi.

Wanda ya shuka iri kuwa, sai haƙuri. Shekara uku zuwa huɗu kafin furen farko, kuma ba lalle ya ɗauko launin uwarsa ba.

Wannan hali ba na agafantus kaɗai ba ne. Ku dubi ƙariya da ke dajinmu na arewa. Da damina ganye take yi, sai tsakiyar rani, ba ganye ko ɗaya, ta ɓarke da jan fure. Bogenbiliya da ke kan katangu haka take, wadda ake yi wa ban ruwa kullum ganye da ƙaya take tarawa, wadda aka manta da ita a rana ita ce ke cika da launi. Mangwaro sai hunturu ya busa, ƙasa ta bushe, yake huda. Tsofaffinmu ma sukan sassari gindin mangwaron da ya ƙi haihuwa, kuma akwai hujja a ciki, don saran yana tare abincin da ganye ya haɗa kada ya gangara saiwa. Sai dai ni ban cika ba da wannan shawara ba, na ga bishiyoyin da aka zagaye da sara suka bushe.

Na ga hannu can. Na'am, Hajiya?

Hajiya tana tambaya, 'yarta tana aure a Kano, ko za ta iya kai mata dashe. Ranki ya daɗe, za ta iya rayuwa in an ba ta ranar safe da inuwar la'asar, don zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40 kuma yana babbake ganyen. Amma fure, ban yi miki alkawari ba. Ni da zan zaɓa wa amarya, ƙariya zan kai mata ko bogenbiliya, su zafi abincinsu ne.

Ɗan'uwa na baya kuma ya ce wani abu yana cinye masa ganye da dare. In ka ga wani farin sawu mai sheƙi a jikin tukunya, dodon-koɗi ne. Fito da tocila bayan isha'i ka tsince su. In kuma tsutsa ce ta shiga cikin ganye tana gangarawa gindi, yanke ganyen gaba ɗaya ka ƙona tun ba ta kai ƙasa ba.

An ce mini an kusa kiran magariba. Tukunyar nan zan raba ta gida uku a waje, wanda yake son ganin yadda ake yankan ya same ni bayan salla, kuma wani ya ara mini adda. Wassalamu alaikum.